Pikaso: gwanin zane ne da gaske, ko suna ne kawai ya ɗaga shi?

Mai Alli, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum mutanen zaure. Zangon karatu mai zuwa zan koyar da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare tarihin zanen zamani, kuma Pablo Pikaso na Sifaniya ne kan gaba. Matsalar ita ce duk yaron da ya ga irin zanensa na fuska mai ido biyu a gefe guda, hanci ya karkace, sai ya ce ai ƙanensa ma zai iya wannan. Ina neman wanda zai shimfiɗa mani rayuwar mutumin daki-daki, da dalilin da ya sa ya koma zana abubuwa a wargaje. Sannan wane aiki na hannu yara za su iya yi da kayan da ake samu a kasuwar Katsina, ba tare da an zana mutum ko dabba ba? Iyaye da yawa ba za su amince da hoton mai rai ba, kuma ina girmama hakan. Allah ya saka da alheri.

Baba Na Zariya:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara nuna wa yaran fuskokin nan. Fara da zanen da ya yi a 1897 yana ɗan shekara 15, wanda ake kira Ilimi da Jinƙai: mara lafiya kwance, likita riƙe da hannunta yana duba agogo, wata mai jinya tsaye da yaro a hannu. Faɗinsa ya kusa mita biyu da rabi, kuma komai a wurinsa yake, inuwa, naɗin bargo, jijiyar hannu. Mahaifinsa ne ya zauna masa a matsayin likitan. Duk yaron da ya ga wannan ba zai ƙara cewa mutumin bai iya zane ba. Zanen yana gidan tarihin Pikaso na Basalona, a Sifaniya. In za ka nema a intanet, rubuta sunan da Picasso.

An haife shi ranar 25 ga Oktoba 1881 a Malaga, kudancin Sifaniya, yankin da littattafanmu ke kira Andalus. Uban, José Ruiz Blasco, malamin zane ne, ya fi shahara da zana tantabaru. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Pikaso sunan dangin uwarsa ne, shi ya zaɓi ya riƙa sa hannu da shi. Aiki ya kai uban A Coruña a 1891, sannan Basalona a 1895, shekarar da ƙanwarsa Conchita ta rasu tana da shekara 7. A Basalona aka ɗauke shi makarantar zane ta La Llotja bai cika 14 ba. A 1897 aka tura shi babbar makarantar San Fernando a Madrid, amma bai zauna aji ba, ya fi son yini a gidan tarihi na Prado yana nazarin aikin tsofaffin gwanayen zane Velázquez da El Greco.

Ya fara zuwa Paris a 1900 tare da abokinsa Carles Casagemas. A Fabrairun 1901 abokin ya harbe kansa. Daga nan zuwa 1904 kusan duk abin da Pikaso ya zana shuɗi ne: makafi, mabarata, mata da yara cikin yunwa. Shi kansa a lokacin talauci ya yi masa katutu, har yakan shafe tsohon zane ya ɗora sabo a kai don ba kuɗin yadi. An haska zanensa na tsohon makaɗin jita, wanda ke Chicago, an ga wasu surori a ƙarƙashi. A 1904 ya tare a Paris gaba ɗaya, a wani tsohon gini a unguwar Montmartre, launinsa ya koma ruwan hoda da jar ƙasa, yana zana 'yan wasan tsalle-tsalle. Wannan ya kai 1906.

Abin da ya biyo baya na bar wa masu koyar da shi a aikace. Zan dai ƙarasa ƙarshen rayuwar a gurguje. Lokacin yaƙin duniya na biyu yana Paris, Jamusawa sun hana a baje kolin aikinsa. Ya nemi zama ɗan Faransa a 1940 aka ƙi shi. Ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1944, kuma tantabarar da ya zana ce aka sa a fastar taron zaman lafiya na 1949. Daga 1947 ya duƙufa kan ginin tukwane a garin Vallauris na kudancin Faransa, dubban faranti da tuluna. A 1957 ya ɗauki zane guda na Velázquez, ya sake fasalinsa a jerin zane 58. Ya rasu 8 ga Afrilu 1973 a garin Mougins na Faransa yana da shekara 91, bai bar wasiyya ba. Magada sun biya gwamnatin Faransa harajin gado da zane maimakon kuɗi, da su aka buɗe gidan tarihinsa na Paris a 1985.

Anti Mai Buroshi, Daura:

Baba ya share fage, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan tsaya kan 1907 zuwa 1914, domin amsar tambayar Malam tana nan.

Tun ƙarni na 15 ƙa'idar Turawa ita ce mai zane ya tsaya wuri guda kamar ya rufe ido ɗaya, na kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Da kyamara ta zo, ta iya wannan cikin ƙiftawar ido. Pikaso da abokinsa Georges Braque suka ce ai mutum ba haka yake sanin abu ba. Ɗauki buta. Ka san bakinta zagaye ne don ka taɓa leƙawa ta sama, ka san hancinta da mariƙinta don ka gan ta ta gefe, ka san gindinta don ka taɓa kife ta. Su sai suka tattara waɗannan gani guda uku a shafi ɗaya. Fuskar nan mai ido biyu a gefe guda, gaba da gefe ne aka haɗa. Ana kiran salon Kubizim, saboda wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya ga gidajen da Braque ya zana a 1908 ya ce ya mai da komai 'yan akwatuna.

Mafarin shi ne babban zanen 1907 na matan Avinyon, mita 2.44 a tsaye, 2.34 a kwance, yanzu yana New York. Malam, wannan ba na aji ba ne, mata biyar ne tsirara a gidan karuwai. In ya zama dole, yanke kawunan biyu na hannun dama kawai ka nuna. Su ne suka yi kama da fuskokin itace na Afirka da ya gani a gidan tarihi na Trocadéro a shekarar, kayan da 'yan mulkin mallaka suka kwaso, ba ko sunan masassaƙan a jiki. Daga baya yakan musanta cewa Afirka ta yi masa tasiri, amma ya tara irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a ɗakinsa har ya mutu, kuma ido ba ya ƙarya. Ya kamata yaranmu su san wannan. Sauran fuskokin sun ɗauko daga tsofaffin gumakan dutse na ƙasarsa. Biyu daga irinsu da ya saya ashe daga gidan tarihi na Louvre a Paris aka sato su, shi ya sa 'yan sanda suka yi masa tambayoyi a 1911 da aka sace shahararren zanen Mona Lisa daga can, ko da yake ba shi da hannu a ciki.

Batun hoton mai rai kuwa, ka kwantar da hankalinka. Babban kaso na aikinsu a shekarun nan kayan tebur ne: jita, kwalba, kofi, jarida. A 1909 ma gidajen ƙauyen Horta na Sifaniya Pikaso ya zana, masu kama da sorayen cikin birni. Ga yadda za a yi a aji.

A ajiye abu uku kacal a tebur, misali buta, faifai da ƙwarya, ko gurmi in an samu. Kowane yaro da takarda uku da gawayi. Minti 10 ya zana daga gaba, ya tashi ya koma gefe minti 10, sannan a sauke kayan ƙasa ya zana daga sama minti 10. Layi kawai, ba inuwa. Sai ya yanka kowace takarda gida huɗu ko biyar da almakashi, yanka miƙaƙƙe, ba lanƙwasa. Daga gutsattsarin nan 12 zuwa 15 ya zaɓi kamar 8 ya jera a kwali, ya tabbatar layin wani guntu ya ci gaba cikin na kusa da shi. Kada a liƙa sai an jera an duba daga nesa taku biyar. Bayan an liƙa sai inuwa: kowane guntu a duhunta gefensa ɗaya, a bar ɗayan da haske. Wannan ne ke sa shafin ya yi kamar an nannaɗe kwano.

Inda ake faɗuwa wuri uku ne. Na farko, yanka ƙanana da yawa, sai abin ya zama shara, ba mai gane buta ce. Su kansu su Pikaso da aikinsu na 1910 da 1911 ya kusa ɓacewa haka, sai suka riƙa barin alama, igiyar jita, harafi, mariƙin kofi. To a bar hancin butar cikakke. Na biyu, launi barkatai. A wannan mataki ruwan ƙasa, ruwan toka da baƙi kawai suka yi amfani da su, don launi mai ƙarfi yana janye ido daga siffa. Na uku, a tara komai a tsakiya a bar gefuna fari fat. Bangon baya ma a karya shi gida-gida.

Mako na biyu sai a shiga matakin 1912, lokacin da Pikaso ya liƙa ledar tebur mai hoton saƙar kujera a jikin zane, ya zagaye shi da igiya a madadin firam. Nan yara su kawo guntun tabarma, atamfa, buhun siminti, tsohuwar jarida. Launi ya halatta yanzu, siffofi kuma manya, kaɗan.

Mai Fenti, 'Yar Kutungu:

Malam, ta ɓangaren kaya ba sai ka nemi fentin bututu mai tsada ba. Pikaso kansa tun wajen 1912 yana amfani da fentin gida na gwangwani mai suna Ripolin, don yana kwanciya sumul ba sawun buroshi, yana kuma bushewa da wuri. Abin da ke shagon kayan gini ya isa, in an bi ƙa'ida.

Shimfiɗa tukuna. Ko kwali ne, ko filawud, ko alawayyo da aka ɗaure a katako, kada fentin mai ya taɓa shi kai tsaye. Yadi yana shan man, wurin ya dushe, bayan 'yan shekaru zaren ya ruɓe. A dama farin gam na kafinta, kofi 1 da ruwa kofi 3, a shafa, a bari awa biyu. Sannan a haɗa farin fentin ruwa kofi 2, gam kofi 1, ruwa kofi 1, a yi shafi biyu, na farko a kwance, na biyu a tsaye. Tsakaninsu a goga samfefa mai laushi. Kwali a shafa masa gaba da baya, in gefe ɗaya aka yi zai lanƙwashe kamar busasshiyar fata.

Fentin mai yana zama a kan fentin ruwa. Fentin ruwa ba ya zama a kan na mai, zai tattare kamar raɓa a ganye, in ma ya kama zai ɓare. Shafin farko na fentin mai a tsinka shi da tina kaɗan, na sama ya fi shi kauri. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Kada kuma a labta shi da kauri a shafi guda: samansa zai yi fata, cikinsa ɗanye, ya yamutse. A ba kowane shafi kwana ɗaya. Da hunturu kuwa a kife aikin a kan duwatsu huɗu ko a jingina fuskarsa ga bango, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ciki har abada. Ga 'yan aji uku ni fentin ruwa zalla nake ba da shawara, ɗalibai 50 da warin tina a ɗaki ɗaya ciwon kai ne.

Don gwada zamanin shuɗi, gwangwani uku sun isa: shuɗi mai duhu, fari, da ɗan ruwan ƙasa. Shuɗin yana da ƙarfi sosai, don haka a zuba shi cikin fari kaɗan-kaɗan, kada a zuba fari cikinsa, za a ƙarar da farin ba a kai ga hasken da ake so ba. A haɗa mataki biyar a gwangwanayen madara kafin a fara, daga mai duhu zuwa mai haske. Inuwa mafi duhu shuɗi ne da ruwan ƙasa, ba baƙi ba, baƙi yana kashe shi. In kuɗi sun yi ƙaranci, bular wanki da jiƙaƙƙen ƙaro tana aiki a takarda, jar ƙasa da aka tankaɗe ma haka.

Jarida kuma ku sani za ta yi ja. Waɗanda Pikaso ya liƙa a 1912 duk sun koma ruwan shayi, tsamin da ke cikin takardar ne da hasken rana. Gam a bayanta, shafi mara kauri a samanta, a rataye nesa da taga.

Baba Na Zariya:

Ba a rufe maganar Pikaso ba a ambaci zanensa na Gernika ba. Yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a 1936. Gwamnatin jamhuriya ta nemi ya yi mata babban zane don baje kolin duniya na Paris na 1937, ya yi watanni bai tsai da abin da zai zana ba. Ranar Litinin 26 ga Afrilu 1937, ranar da kasuwar garin ke ci, jiragen Jamus da Italiya masu mara wa Janar Franco baya suka yi wa Gernika ta yankin Bask ruwan bama-bamai kusan awa uku. Ranar 1 ga Mayu ya fara gwaji a takarda, ya yi fiye da 40, farkon Yuni ya gama. Tsayi mita 3.49, faɗi mita 7.76. Ɗakin bai ɗauki tsayin yadin ba sai da aka ɗan kishingiɗa shi, yana hawa tsani yana ɗaura buroshi a sanda.

Ba ja ko ɗigo a ciki, baƙi da fari da toka ne, kamar hoton jaridar da ya ga labarin a ciki, kuma fentin mara sheƙi ne don kada haske ya hana gani. Ba jirgi, ba bam. Uwa ce riƙe da gawar ɗanta, kanta a sama, harshenta kamar tsinin wuƙa. Doki da mashi a jikinsa, sa a tsaye, mayaƙi a ƙasa da karyayyen takobi, mace cikin gobara, wata ta miƙo fitilar aci-bal-bal ta taga, ƙwan lantarki a sama kamar ido. A nan wargaza siffa ya sami aikin yi, domin abin da bam ke yi wa jiki ke nan. Mutanen da suka ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu ba sa bukatar a fassara masu wannan zane.

Pikaso ya ce kada a kai zanen Sifaniya sai 'yanci ya dawo. Zanen ya zauna a New York, Franco ya mutu a 1975, zanen ya isa Madrid a 1981, shekara 8 bayan rasuwar mai shi. Tun 1992 yana gidan tarihi na Reina Sofía, kuma ba sa ba da aronsa, saboda naɗewa da warwarewa a tafiye-tafiyen farko sun tsattsaga fentin.

Anti Mai Buroshi, Daura:

Baba, da izininka zan ƙara abin da littattafan makaranta ke tsallakewa. Gwanintar hannunsa ba ta wanke halinsa ga iyali ba. Yana da shekara 45, da aurensa da Olga, ya fara neman Marie-Thérèse Walter tana 17. Dora Maar, wata masoyiyar tasa, wadda ta ɗauki hotunan Gernika mataki-mataki har muka san yadda aikin ya gudana, ƙwararriyar mai hoto ce, amma duniya ta fi saninta da matar nan mai kuka da ya zana. Françoise Gilot ta kwashe 'ya'ya biyu da ta haifa masa ta bar shi a 1953. Marie-Thérèse ta kashe kanta a 1977, matarsa ta ƙarshe Jacqueline ita ma a 1986. Ba sai an zayyana wa yara duka ba, amma kada a gabatar da shi a matsayin abin koyi a rayuwa. A ce masu ga abin da ya iya, ga inda ya cuci mutane. Akwai 'yan mata a ajin nan, suna sauraren yadda malaminsu zai faɗe shi.

Mai Alli, Ƙofar Ƙaura:

Baba, Anti, Mai Fenti, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya. Ina son aikin ƙarshen zango ya zama babba guda ɗaya na aji duka, a fasalin Gernika amma da gine-gine da kayan gida. Wane girma, kuma yaya za a raba wa yara?

Mai Fenti, 'Yar Kutungu:

Falle ɗaya na filawud santimita 122 ne da 244. Faɗin Gernika ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗan ɗori, don haka a sa kafinta ya rage santimita 12, ya zama 110 da 244, fasalin ya fito daidai. A buga masa katako ta baya a gefuna huɗu da ɗaya a tsakiya, in ba haka ba zai bauɗe da damina. A yi masa shimfiɗar da na faɗa.

A fara tsara zanen a takarda mai santimita 22 da 49, a ja mata layuka gida 5 a tsaye, 11 a kwance. A allon ma gida 5 da 11, kowanne kusan santimita 22, da alli da zare a ja su, ba da biro ba, tawadar biro tana hudo fentin ruwa ko shafi nawa aka yi. Gida 55 ke nan, kusan kowane yaro da nasa. Amma kada a ba kowa gidansa ya fente shi kaɗai, zai fito kamar bargon faci. Su kwafi layi gida-gida, sannan a share allin, a raba fenti bisa siffa: wannan rukuni zaure da zankwaye, wancan fasasshen tulu da kifaffiyar ƙwarya, wani rumbu mai cin wuta. In ana son abu mai tsayi da zai riƙe tsakiya, hasumiyar Gobarau daga gefe biyu a haɗe ta isa.

Farin fentin ruwa lita 4 da baƙi lita 1 za su yi har da saura. A haɗa toka kala uku tun ranar farko, a rufe su a robobi masu murfi, a rubuta lamba a jiki, don ba a sake dacewa da tokar da ta ƙare. Fentin ruwa yana canja kama in ya bushe, saboda haka a gwada kowace toka a guntun kwali a jira minti 20 kafin a amince da ita. A fente masu haske tukuna, masu duhu daga baya, baƙin layi a ƙarshe da ƙaramin buroshi a hannun yara biyu ko uku kacal.